Ƙaramar Motar Gas ta Hannu: Sauƙin Sha, Tsadar Gyara

Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, magidanci a Kano ko Kaduna ba shi da dalilin waiwayar ƙaramar mota mai shan gas, wato dizal. A 2022 litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, gas kuwa ya haura 700, don shi an daɗe da zare masa tallafi. Da fetur ya bi sahu a waccan rana, aka zare nasa tallafin, tazarar ta ragu, sai dillalai suka fara tallar Golf TDI da Peugeot 307 HDi da Ford Focus TDCi da kirari ɗaya: "Alhaji, wannan ba ta shan mai."

Ba ƙarya suka yi ba. A doguwar tafiya irin wannan mota kan sha wajen lita 5 a kilomita 100, inda takwararta ta fetur za ta sha 7 ko fiye. Injin gas yana matse iska ne har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, ba ya buƙatar fulogin tartsatsi, kuma ƙarfen jikinsa mai kauri ne. Tsohon injin Volkswagen 1.9 TDI, wanda ke cikin Golf 4, ya yi suna a Turai wajen zarce kilomita 300,000 ba a buɗe shi ba, muddin ana canza baƙin mai da bel ɗin taimin a kan lokaci.

Sai dai ya kamata mai saye ya tambayi kansa abin da ya sa Turawa ke rabuwa da su. A watan Satumban 2015 aka bankaɗo cewa Volkswagen ya sa wa motoci kusan miliyan 11 wata manhaja mai yaudarar na'urar gwajin hayaƙi. Daga nan kasuwar motocin gas ta faɗi. Hamburg ta hana tsofaffin motocin gas bin wasu tituna a 2018, Stuttgart ta bi baya a 2019. Abin da aka tsangwama a can, wani kasonsa shi ke hawa jirgin ruwa daga Antwerp zuwa Kwatano da Legas.

Inda gizo ke saƙa shi ne sababbin samfura. Daga 2009 dokar hayaƙi ta Euro 5 ta sa kusan kowace motar gas ta zo da matatar toka a cikin salansa. Matatar tana tara baƙin hayaƙi, kuma ba ta ƙone shi sai ta yi zafin kusan digiri 600, abin da ke samuwa idan an saki mota a babbar hanya. Wanda aikinsa kai yara makaranta, ya biya kasuwa, ya tsaya a cunkoson cikin gari, matatarsa toshewa za ta yi. Fitila ta kama a dashbod, mota ta ƙi ja, ka taka totur kamar kana roƙonta. Yawancin makanikai a nan fasa matatar suke yi su zubar da cikinta. Motar za ta tashi, amma in ba a gyara lissafin kwamfutarta ba fitilar za ta dawo, hayaƙin kuma na bayanka ne zai shaƙa.

Sai batun man kansa. Nozul na injin zamani yana feso mai da matsin da ya kai ma'aunin bar 1,600 ko fiye, ta ramukan da ido da ƙyar yake gani. An ƙera shi ne don man Turai, wanda tun 2009 sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoton da ya nuna ana sayar wa Afirka ta Yamma gas mai ɗauke da ninkin wannan sau ɗaruruwa. An tsaurara doka daga baya, matatar man Dangote ma ta fara fitar da gas a 2024, amma ɗan bumburutu da ke sirka gas da kananzir bai san da wannan ba. Jarka ɗaya ta irin wannan mai, ko mai ruwa a ciki, ta isa ta kashe famfo da nozul huɗu a tare, kuma kuɗinsu zai cinye duk rarar da mutum ya yi a gidan mai na tsawon lokaci.

Injin 1.6 HDi na Peugeot, wanda Ford ma ke amfani da shi, yana da tasa larurar. Idan wosha ɗin ƙarƙashin nozul ya fara yoyo, za ka ga wani baƙin abu mai ƙyalli ya daskare a kewayensa, ka ji warin hayaƙi a cikin mota. Daga nan baƙin mai ya gurɓace, bututun da ke shayar da turbo ya toshe, turbo ya mutu. Wanda ya sa sabo bai wanke hanyar man ba, na biyun ma ba zai daɗe ba. Kayan gyaran ana samunsu a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka, amma ba kamar na Peugeot 406 mai fetur ba, wadda kowane yaron gareji ya san cikinta. Masu gyaran injin gas a garuruwanmu galibi tirela da tifa da janareta suka saba da su, ba ƙaramar mota mai kwamfuta ba.

Don haka mai karatu, in za ka saya, je da makanikin da ke da na'urar gwaji, kuma ka nemi a tayar da motar da sassafe injin na sanyi. Kada ka gaskata lambar kilomitar da ke dashbod. Duba yadda sitiyari da fedar kuloch suka cinye. Mai zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja ko Maraɗi da Yamai, wanda ke da gidan man da ya yarda da shi, tsohuwar 1.9 TDI za ta biya shi. Wanda tafiyarsa ba ta wuce cikin gari, ya nemi ta fetur.