In tiransiston allon kwamfuta ya ƙone, da wane za a maye shi?

Mutane da yawa in sun ji an ce tiransisto, rediyo ke faɗo musu a rai. Alhali kuwa wani ɗan ƙarfe ne mai ƙafa uku, wanda aka ƙago a Amurka cikin shekarar 1947, aikinsa buɗe ma wutar lantarki hanya da rufe ta. Cikin tsohon allon kwamfuta mai doro akwai wani babba da ke jan layukan hoto daga hagu zuwa dama. In ya ƙone, allo sai ya yi duhu. Mai gyara ya zagaye kasuwar Maradi, ya aika Kano, a ce babu irinsa. To, sai neman madadi.

Da farko a san karatun lamba. Na Japan suna farawa da 2SC ko 2SD, amma sau da yawa ba su buga 2S ɗin a jiki. Wanda ya ga C5129, sunansa cikakke 2SC5129. Na Turai suna da BU, na Amurka 2N. Lamba suna ce kawai. Abin dubawa shi ne ƙarfin wutar da yake jurewa, wanda a wannan gurbi yakan kai bolt 1500, da nauyin da yake ɗauka, da saurinsa.

Wajen saurin nan ne akan yi hasara. Telebijin mai layi 625 yana jan layi sau 15,625 cikin daƙiƙa, allon kwamfuta kuwa daga wajen 31,000 yake farawa. Saboda haka BU508 na telebijin yana iya tada hoto, mai kaya ya biya ya tafi da murna, sannan ya yi zafi ya sāke ƙonewa. Ko harafin ƙarshe ba na ado ba ne: BU508D yana da diyod a ciki, BU508A ba shi da shi.

Ga kuma jabu, mai sabuwar lamba a kan ƙaramin kaya. A ganinmu, wanda aka ciro daga mataccen allo, aka auna shi da mita, ya fi sabon da ba a san asalinsa ba.

Kafin a kunna, a binciki abin da ya kashe na farko: dalmar da ta tsage, ko kwandansa, ko tiransifomar da masu gyara ke kira THT. A yi hattara da tulun hoto, domin yana riƙe wuta mai yawa ko bayan an zare waya daga bango.