Wasan Labari Ta Waya: Yadda Yaranmu Da Suka Watse Ke Iya Riƙe Zumunci

'Yar'uwa, idan ke mutuniyar Tsaskiya ce, ko wani gari na Safana da Batsari, ba sai an faɗa miki yadda rashin tsaro ya raba yara da abokansu ba. Wani yana Dutsin-Ma, wani yana Katsina gidan kawunsa, wani an tura shi Kano karatu. Dandalin da ake taruwa bayan isha'i ana tatsuniya ya mutu a wurare da yawa, domin magariba na yi kowa ke shigewa gida. Waya ce ta rage musu. Mun ga haka a watan Satumba na 2021, lokacin da aka toshe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Safana da Batsari. 'Yan'uwa suka yi watanni ba sa jin muryar juna.

To, da ɗanki ya ƙare dare yana kallon bidiyon da ba ki san asalinsa ba, akwai wasan da zai haɗa shi da abokansa na yarinta. Ludo ta waya kin riga kin san ta. Wannan kuwa ya fi kama da tatsuniya, sai dai kowa yana da baki a ciki. Mafi shahara a irinsa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Asalinsa a gaban tebur ake yin sa, da takarda da fensir. Yanzu abokai da ke garuruwa daban-daban suna yin sa ta Discord ko Roll20.

Ga yadda yake. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke shimfiɗa labari: ayarin fatake ya taso daga Katsina za shi Agadas, ga rijiya ta ƙafe. Sauran kowa ya ɗauki matsayi, wannan madugu, wancan maƙeri, waccan mai magani. Sai jagora ya tambaya, me za ku yi? Su yi shawara, su yanke, labari ya ci gaba bisa zaɓinsu. Babu wanda ya ci wani. Ko a tsira tare, ko a faɗi tare. Yaro yana koyon sauraro da jiran layinsa, da tsara magana da Hausarsa. Kuma ba ya buƙatar waya mai tsada. Kiran murya na rukuni a WhatsApp ya isa, idan sabis ya yi rauni a koma saƙon murya.

Amma sai kin sa ido, domin akwai abubuwa uku.

Na farko, su wa ke cikin rukunin? Ki san kowane yaro da iyayensa. A yankinmu, inda masu kai wa ɓarayin daji rahoto ba baƙon labari ba ne, ki ja kunnen ɗanki kada ya faɗi ranar tafiyar mahaifinsa kasuwa, ko yawan dabbobin gida, ko inda kuke kwana. Baƙo ya shigo, a dakata har a san ko wane ne. Ki tuna ma Discord bai yarda da wanda bai kai shekara 13 ba.

Na biyu, littattafan Turawa na wannan wasa cike suke da matsafa da dodanni, kuma ana jefa ƙwaya mai fuska 20 don yanke hukunci. Malamai da yawa ba sa son wasan jefa ƙwaya. Ana iya barin ta, jagora ya yanke da hankalinsa, a gina labari kan Gizo da Ƙoƙi ko tarihin Katsina. Kuɗi kuwa kada ya shiga ko na sisi, don daga nan caca ke farawa.

Na uku, lokaci. Ki yanka musu rana ɗaya a mako, sa'a ɗaya ko biyu, bayan an gama karatu da aikin gida, kuma a tsakar gida inda kunnenki ke ji. Idan kin samu sarari ki karɓi jagorancin da kanki. Tatsuniyoyin da kakarki ta ba ki sun ishe su wata guda.