Rakiyar Soja Da Guzurin Ma'aikatan Safiyo A Yammacin Amurka

Duk wanda ya buɗe taswira ya ga koguna da duwatsu da hanyoyi a shimfiɗe daki-daki, da wuya ya tuna cewa wasu mutane ne suka taka ƙasar da ƙafa, suka auna ta mil bayan mil. Waɗannan su ne ma'aikatan safiyo. Wannan bayani zai nuna yadda aikinsu ya gudana a yammacin Amurka cikin ƙarni na 19, da dalilin da ya sa bai yiwu ba sai da rakiyar soja da tanadin guzuri.

Mafarin Al'amarin

A shekarar 1848 Amurka ta karɓi ƙasa mai faɗin gaske daga hannun Meziko bayan yaƙi, kuma a wannan shekara aka sami zinariya a Kalifoniya. Jama'a suka yi ta kwarara yamma, alhali hukuma ba ta san yawancin ƙasar ba. Saboda haka a 1853 Majalisar Dokoki ta ware dala 150,000 domin a binciko hanyar da ta fi dacewa da reluwe, daga kogin Misisifi zuwa Tekun Fasifik. Aka ɗora aikin a kan Ma'aikatar Yaƙi, wadda Jefferson Davis yake shugabanta a lokacin, aka tura ayari-ayari ta arewa da tsakiya da kudu.

Cikin kowane ayari akwai masu awon ƙasa, da masana duwatsu da tsirrai, da masu zane, da likita, da masu kora alfadarai, sa'an nan ga sojojin rakiya.

Amfanin Rakiya

Ƙasar nan da ake aunawa ba kango ba ce. Tana da masu ita, wato 'yan asalin ƙasa waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. Sun lura cewa inda mai awo ya kafa turke, nan gaba hanya za ta biyo, bayan hanya kuma baƙi za su zo su zauna, ɓaunar da suke farauta ta ƙare. Ruwa ba ya tsami banza.

Aikin soja shi ne gadin zango da dare, da tsaron dabbobi wurin kiwo, da tsayawa kusa da mai awo, domin wanda idonsa yake cikin madubin awo ba ya ganin abin da ke bayansa. Su ne kuma suke sare hanya, su tura kekunan kaya idan sun kafe a taɓo.

Abin da ya sami Kyaftin John Gunnison ya nuna haɗarin. A watan Oktoba na 1853, cikin yankin Utah, ya raba ayarinsa biyu domin ya gama aiki kafin sanyi ya sauka, ya tafi da mutane kaɗan. Ranar 26 ga wata da asuba, mutanen ƙabilar Pahvant suka auka musu a bakin kogin Sevier, suka kashe shi tare da mutum 7. Kafin wannan rana wasu matafiya farar fata sun kashe wani dattijon ƙabilar, sai ramuwar ta faɗa kan masu awo. Laftanar Edward Beckwith ne ya ƙarasa aikin.

Matsalar Guzuri

Duk da haka, yunwa da ƙishirwa sun fi kibiya wahalar da ayari. Abincinsu garin alkama ne, da busasshen biskit mai tauri, da naman da aka adana da gishiri, da wake, da kofi da sukari. Rashin ɗanyen ganye kuwa yakan kawo ciwon da ke kumbura dasashi, ya raunana jiki. Barikokin soja da ke bakin iyaka su ne rumbunan da ake ɗibar kaya, har da alfadarai da tantuna da harsashi.

Abincin dabbobi ya fi na mutane nauyi. Bisa ƙa'idar soja, doki yana da laba 12 ta hatsi kowace rana, alfadari laba 9, ban da ciyawa. Keken kaya guda alfadarai 6 suke jansa. To, idan aka ƙara soja sai a ƙara kekuna, idan aka ƙara kekuna sai a ƙara dabbobi, su kuma dabbobin su cinye rabon abin da suke ja. Ga shi kuma dogon jerin kekuna yana tafiya a hankali, shi ma yana bukatar masu tsaro.

Neman maganin wannan ya sa a 1855 Majalisa ta ware dala 30,000 aka sayo raƙuma daga Arewacin Afirka da ƙasar Turkiyya. A 1857 Edward Beale ya yi amfani da su wajen awon hanya zuwa kogin Kolorado, ya yaba juriyarsu ƙwarai. Amma dawaki da alfadarai suna firgita da su, sojoji ba su saba da su ba, da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861 sai shirin ya watse.

Ayarin 1873

Rakiya mafi girma ita ce wadda aka yi wa masu awon kamfanin reluwe na Northern Pacific a kwarin kogin Yellowstone. A watan Yuni na 1873 Kanar David Stanley ya tashi daga barikin Fort Rice da soja wajen 1,500, da kekuna 275, da dabbobi fiye da 2,000. George Custer ne yake jagorantar mahaya. Tun da kekuna ba za su iya ɗaukar abincin watanni ba, sai aka sa jiragen ruwa suka hauro kogi da kaya, aka gina ma'aji mai shinge a gaɓa.

Mayaƙan Lakota suka tare su sau biyu, ranar 4 da ranar 11 ga Agusta. An gama awon, amma a watan Satumba bankin Jay Cooke, wanda yake ba kamfanin kuɗi, ya karye. Hanyar ba ta kammalu ba sai 1883.

Abin Da Ya Biyo Baya

Bayan yaƙin basasa aka sami manyan ayari huɗu, na King, da Hayden, da Powell, da Wheeler. Wani lokaci biyu daga cikinsu sukan auna wuri guda, kowanne da nasa kashe kuɗi. Domin kawar da wannan ɓarna, a 1879 aka kafa hukumar safiyo guda ta farar hula, ta gaji aikinsu.

Ribar wannan aiki ba ƙarama ba ce: taswirori, da rahotannin binciken 1853 da aka buga cikin manyan littattafai 12, da hanyoyin jirgin ƙasa. Amma wajibi ne mai karatu ya san ɗaya gefen. Taswirar da ta shiryar da jirgi ita ce ta shiryar da soja da baƙi, har aka tattara masu ƙasar aka tsugunar da su a keɓaɓɓun wurare. Mai awo da mai bindiga tafiya ɗaya suka yi, kuma wanda zai auna aikinsu da adalci sai ya haɗa da abin da masu ƙasar suka rasa.