Mai Gidan Haya na Park Slope

Idan aka ce fim kan mai gida da 'yan haya, kowa mugun attajiri yake jira ya gani. The Landlord, wanda ya fito a Amurka a 1970, bai ba mu wannan sauƙin ba. Mai gidansa mutumin kirki ne, kuma a nan matsalar take.

Shi ne fim na farko da Hal Ashby ya ba da umarni, bayan ya ci kyautar Oscar a aikin tace hoto. Bill Gunn ya rubuta shi daga littafin Kristin Hunter na 1966. Dukansu biyun baƙar fata ne, kuma ina ganin shi ya sa dariyar ba ta sauka a kan talaka ba.

Beau Bridges ya fito a matsayin Elgar, ɗan masu hannu da shuni mai shekara 29 da bai taɓa cin guminsa ba. Ya sayi wani tsohon bene a unguwar Park Slope ta Brooklyn, a birnin New York, da niyyar korar baƙar fatan da ke haya a ciki ya mai da shi fadarsa. Sai zama ya yi daɗi. Ya shiga gyare-gyare, ya yi abokai, har ya yi wa Fanny, matar wani ɗan haya, ciki. Da mijinta Copee ya ji, gatari ya ɗauko ya bi shi. Daga nan raha ta fara ɗaci. Elgar yana son mutanen nan da gaske, amma duk ranar da ya gaji yana da gidan ubansa da zai koma. Su ina za su?

Wurin da na fi so ba ma na Elgar ba ne. Uwarsa, mai kallon baƙar fata a matsayin 'yan aiki, ta zo da yadin labule, ta faɗa ɗakin Marge, wadda mawaƙiya Pearl Bailey ta fito a matsayinta. Aka ci, aka sha, girman kai ya narke, hira ta ɓarke kamar ta tsofaffin ƙawaye. Kwana kaɗan kuma uwar ta koma halinta, musamman da ta ji labarin jika baƙi. Wannan rawar ta uwar Elgar ta sa aka saka Lee Grant cikin 'yan takarar Oscar.

A lura da hasken hoton ma. Gordon Willis, wanda daga baya ya ɗauki The Godfather, ya wanke gidan attajiran da fari fat har yana kashe ido, ya bar ɗakunan haya cikin duhu mai ɗumi.

Fim ɗin bai yi kasuwa ba a lokacinsa. Amma abin da Elgar ya fasa yi, wasu sun zo sun yi shi. Masu kuɗi sun saye tsofaffin benayen Park Slope ɗaya bayan ɗaya, haya ta tashi, tsofaffin mazauna da yawa suka kwashe kayansu. Yau irin gidan nan sai da miliyoyin daloli.