Tafkin tace ruwan ƙazanta: ginawa ba wuya, kulawa ce aiki

A Yamai, ruwan ƙazanta mai yawa yana bin kwarin Guntu Yena har ya faɗa kogin Isa, masu garka kuwa suna ɗiba a hanya suna ban ruwan salati. Shi ya sa ƙananan tafkunan tacewa na asibiti ko makarantar kwana suke da muhimmanci, in an kula da su.

Mai tsaron tafki yana gane lafiyarsa da ido. Ruwa kore alama ce gansakuka na ba shi iska. In ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙazanta ta fi ƙarfinsa. Wajibi ne a share ragar mashiga kullum, a nome ciyawar gefe saboda sauro, a kwashe laka bayan ƴan shekaru.

Amma ido ba ya ganin ƙwan tsutsar ciki. Ƙa'idar OMS ta 1989 ta ce ruwan da za a ba kayan garka masu ciyuwa ɗanye kada ya wuce ƙwai 1 a lita, ko ƙwayoyin cuta na najasa 1000 a mililita 100. Wannan sai ɗakin awo. Kuɗin awon kuwa shi ake yawan mantawa ranar tsara kasafi.