Masu Digiri Sun Fara Juya wa Aikin Banki Baya

Shekaru da dama, babban burin matashin da ya gama jami'a ya kammala hidimar ƙasa shi ne ya sa kwat ya zauna a banki a Legas. Iyaye kan yi alfahari da shi, gidan surukai kuma ba a tsawaita bincike. Amma yanzu da yawa daga cikin waɗanda suka shiga sun gane cewa kallon kitse aka yi wa rogo.

Martabar aikin banki ta ƙaru ne bayan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, ta kuma sassauta ba da lasisi. Bankuna suka ƙaru daga kimanin 40 zuwa kusan 120 a farkon shekarun 1990. Sababbi irin su Zenith da Guaranty Trust, waɗanda aka kafa a 1990, suka riƙa jan hazikan matasa da albashin da aikin gwamnati bai kai ko kusa ba.

Sai dai inuwar ba ta daɗe ba. A 1998 an rufe bankuna 26 a lokaci guda. A 2004 Gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga jarin kowane banki zuwa Naira miliyan dubu 25, abin da ya rage yawansu daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005. A 2009 kuma magajinsa, Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin wasu bankuna, dubban ma'aikata suka rasa abin yi a sallamar da ta biyo baya.

Tun daga nan yanayin aikin ya sake. Bankuna da dama kan ɗauki masu digiri ta hannun kamfanonin kwangila, a kan albashi kaɗan, ba tabbacin ƙarin girma. A ɗora wa ma'aikaci adadin kuɗin ajiyar da zai samo, in ya gaza a nuna masa ƙofa. Ya fita gida kafin asuba saboda cunkoson hanya, ya dawo bayan lisha.

Bugu da ƙari, albashin kansa ya zaizaye. Bayan janye tallafin man fetur da sakin Naira a 2023, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa fiye da 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar.

Saboda haka wasu suka yi ƙaura zuwa Ingila da Kanada, wasu suka koma kamfanonin biyan kuɗi ta intanet, wasu kuma suka rungumi noma ko kasuwanci. Sayen kamfanin Paystack da Stripe na Amurka ya yi a 2020, a kan fiye da Dala miliyan 200, ya nuna wa matasa cewa akwai wata hanyar ɗaukaka.

Ga masu kamfanoni, lamarin ya shafi aljihu kai tsaye, domin duk ƙwararren da ya tafi ya tafi ne da horon da aka kashe kuɗi a kansa. Suna da ƙaton gini ba su isa su riƙe ma'aikaci ba. Abin da matashi yake tambaya shi ne albashin da zai kai shi ƙarshen wata, aiki mai tabbas, da lokacin ganin iyalinsa.