Nukiliya, Rana da Ruwa: Lissafin Wutar Lantarki daga Zamfara

A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, Nijeriya ta yi alƙawarin cewa kafin 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda za a iya shanyewa ba, alhali mafi yawan lantarkinta daga iskar gas ake samar da shi, saura kuma daga madatsun ruwa na Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. A Wonaka da garuruwan Gusau, Tsafe da Bungudu na jihar Zamfara, inda janareta da injin ban ruwa ke cin fetur da dizal, tambayar ita ce abin da zai maye gurbin man.

Hasken rana shi ne arzikin da yankin yake da shi a yalwace, kuma farantan sola sun riga sun hau rufin shaguna da asibitoci da rijiyoyin burtsatse. Sai dai rana tana faɗuwa daidai lokacin da gidaje ke kunna fitila da fanka, hazon hunturu yana rage ƙarfinta, ƙura kuma tana lulluɓe farantan, saboda haka dole a haɗa da batir, wanda ke ƙara tsadar aikin sosai. Tashoshin da aka gina a jihohin da ke kusa ma ƙanana ne: ta sola a Kumbotso ta Kano da ta iska a Lambar Rimi ta Katsina, kowacce megawat 10 ce, megawat kuwa watt miliyan ɗaya ne.

Wannan giɓin da sola ke bari ne masu goyon bayan nukiliya ke nunawa. Tashar nukiliya tana farfasa ƙwayar zarrar yuraniyom, zafin da ke fitowa ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin, dare da rana ba tare da hayaƙi ba, kuma ta wannan hanya Faransa ke samun kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta. Wani ɓangare na yuraniyom ɗin daga Arlit ta Nijar aka daɗe ana haƙo shi, tun 1971, kuma abin mamaki, wuraren haƙar da kansu da wutar kwal ta Anou Araren suke aiki. A Zariya ma akwai na'urar nukiliya a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004, amma ta bincike ce mai kimanin kilowat 30, ba ta ba kowa wuta.

Babban cikas ga nukiliya a Nijeriya yana ga babban layin lantarki na ƙasa. Abin da yake ɗauka yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000, yana kuma durƙushewa sau da yawa a shekara, yayin da injin nukiliya guda irin waɗanda kamfanin Rosatom ke ginawa a El Dabaa ta Masar yake ba da megawat 1,200. Masana sukan ce bai kamata inji ɗaya ya wuce kashi goma cikin ɗari na ƙarfin layi ba, domin idan ya tsaya kwatsam zai ja sauran su faɗi tare da shi. Wuraren da aka ware don tashoshin nukiliya a Geregu ta Kogi da Itu ta Akwa Ibom har yanzu a takarda suke, kuma ko an gina su, wutar sai ta bi dogon layin Zariya da Funtuwa kafin ta iso Gusau.

Haɗin da ya fi kusa da hannu shi ne na rana da ruwa: sola ta ɗauki nauyin yini, madatsu su tanadi ruwansu su sake shi bayan magariba. Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, wanda ya buɗe wa Zamfara ƙofar kafa ƙananan tashoshin sola masu batir a ƙauyuka, da kuma farfaɗo da ƙaramar tashar ruwa ta madatsar Bakolori, muddin an samu tsaron da zai bar ma'aikata su isa wurin.